Gida A Kan Ruwa: Yadda Masu Ƙaramin Ƙarfi Ke Zaɓen Jirgin Zama Da Ƙetare Teku A Yankin Washington

WASHINGTON, D.C. — A ranar 21 ga watan Afrilun shekarar 2012, ɗaruruwan mutane sun yi dafifi a bakin kwatar Annapolis, babban birnin Jihar Maryland mai tazarar kimanin kilomita 50 gabas da Washington, domin tarbar wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda ya shigo a galabaice, tsatsa ta ci ƙarafansa, injinsa kuma ya daɗe da mutuwa. Mutum ɗaya ne tak a cikinsa, wani matashi Ba'amurke mai suna Matt Rutherford, wanda ya shafe kwanaki 309 a kan teku ba tare da ya taka ƙasa ba. Ya bi ta ƙanƙarar arewacin Kanada, ya gangaro ta tekun Pasifik, ya zagayo ta ƙuryar kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, sannan ya hauro tekun Atlantika zuwa inda ya faro, tafiyar da ta haura mil dubu 27. Kafin shi babu wanda ya taɓa kewaye nahiyoyin Amurka biyu shi kaɗai ba tare da yada zango ba.

Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne jirgin kansa. Ƙirar ƙasar Suwidin ne, samfurin da ake kira Albin Vega, ya haura shekaru 30 da ƙerawa, tsawonsa kuma ƙafa 27 ne kacal, wato mita 8 da 'yan kai. Wannan tsawo kusan daidai yake da na daɗaɗɗen kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da yake Jihar Yobe a yau. Wata ƙungiyar agaji ta Annapolis mai koya wa naƙasassu tuƙin jirgi, wadda ake kira CRAB, ita ce ta ba shi jirgin, shi kuma ya yi tafiyar domin tara mata kuɗi.

Wannan labari ya ƙara wa mutane da yawa ƙwarin gwiwa kan wata tambaya da ta daɗe tana yawo a kwatocin wannan yanki: shin wane irin jirgi ne mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya, ya mayar da shi gidan zama, kuma ranar da ya shirya ya ƙetare teku da shi ya dawo da ransa?

Unguwar da ke lilo a bayan majalisa

Masu ziyartar Washington ba kasafai suke sanin cewa a kudu maso yammacin birnin, tafiyar 'yan mintoci daga ginin majalisar dokoki, akwai wata unguwa da gidajenta ke lilo a kan ruwa ba. Tana cikin wani mashigi da ya ɓalle daga kogin Potomac, kusa da tsohuwar kasuwar kifi ta titin Maine wadda take ci tun 1805. A kwatar da aka daɗe ana kira Gangplank, jirage kusan 90 ne masu su ke kwana su tashi a ciki rani da damina. Akwai ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojoji, da masu ritaya. Har 'yan majalisa sun sha zama a kan wannan ruwa, kamar Joe Manchin na Jihar West Virginia, wanda ya riƙa kwana a jirginsa lokacin da yake majalisar dattawa.

Tsadar muhalli na daga cikin abin da ke jan hankalin mutane zuwa ga wannan rayuwa. A shekarar 2023, matsakaicin farashin gida a cikin birnin ya haura dala dubu 600, alhali kuwa tsohon jirgi mai ƙafa 30, da wurin kwana da madafa da makewayi, sau da yawa bai kai dala dubu 20 ba. To sai dai akasarin gidajen da ke wannan kwata faffaɗan jirage ne masu kama da ɗaki a kan kwalekwale, waɗanda aka ƙera domin ruwa mai kwanciya. Idan aka fita da irinsu cikin teku, igiyar ruwa ta farko mai ƙarfi za ta iya kifar da su. Wanda yake son gida da tafiya a lokaci guda, dole ne ya nemi wani abu dabam, kuma a nan ne ake samun mafi yawan kurakurai.

Dalilin da ya sa tsofaffin jirage ke araha

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, da katako ake ƙera irin waɗannan jirage, kuma sai mai hannu da shuni ke iya ɗaukar ɗawainiyarsu. Al'amura sun sauya a watan Janairun 1959, lokacin da wasu 'yan uwa biyu daga Jihar Rhode Island, Clinton da Everett Pearson, suka kai wani jirgi mai ƙafa 28 da suka sa wa suna Triton bikin baje kolin jirage na birnin New York. An yi jikinsa da faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin danƙo mai ƙanƙarewa kamar dutse. Faiba ba ta ruɓewa, gara da tsutsar ruwa ba su cin ta, kuma ana iya zuba ɗaruruwan jirage a mazubi ɗaya. Cikin shekaru ashirin da suka biyo baya, masana'antu a Amurka da Kanada da Turai sun ƙera dubun dubatar jirage waɗanda ma'aikaci mai albashi zai iya saya.

Da yawa daga cikin waɗancan kamfanoni sun rufe. Tsadar man fetur ta 1973 ta ɗaga farashin danƙon, sannan harajin kashi 10 cikin 100 da majalisar dokokin Amurka ta ɗora a 1990 kan kayan alatu, ciki har da jiragen da suka haura dala dubu 100, ya ƙara durƙusar da sana'ar kafin a soke shi a 1993. Kamfanin Pearson kansa ya durƙushe a 1991. Amma jiragen suna nan, domin jikinsu ya fi masu su tsawon rai. A filayen ajiya na garuruwan Deale da ke Maryland da Deltaville da ke Virginia, ana ganinsu jere a kan tudu bisa ƙafafun ƙarfe, wasu sun shekara biyar ba su taɓa ruwa ba, magada kuma sun gaji da biyan kuɗin ajiya. Gidan tarihin sufurin ruwa da ke garin St. Michaels yakan yi gwanjon jiragen da aka ba shi kyauta a ƙarshen kowace bazara. A Annapolis kuwa, inda ake bikin baje kolin jiragen iska kowane watan Oktoba tun 1970, dillalai sun cika gari.

Jirgin kwata da jirgin teku

Masu ƙera jirage sun daɗe da sanin cewa abin da ke sa jirgi daɗin zama a kwata, sau da yawa shi ne ke sa shi wuyar sha'ani a teku. Faffaɗan falo da manyan tagogi da katafaren gado suna burge mai saye, amma idan jirgi ya karkata yana tsalle a kan igiyar ruwa, faɗin falon ya zama nisan da mutum zai faɗa kafin ya sami abin kamawa, babbar taga kuma ta zama ƙofar shigar ruwa. Jirgin teku na buƙatar matsattsen gado mai shinge, da marikai a ko'ina, da murhu mai lilo wanda tukunya ba ta zamewa daga kansa, da wurin zaman matuƙi wanda ruwa ke saurin tsiyayewa daga ciki.

Abu mafi muhimmanci yana ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya gani. Kowane jirgin iska yana da wani fiffike a ƙasansa, cike da dalma ko baƙin ƙarfe, wanda nauyinsa ke hana iska kifar da jirgin, ya kuma miƙar da shi idan ya kwanta. A tsofaffin samfura irin su Triton, da Alberg 30 na Kanada, da Westsail 32 na Jihar Kalifoniya, fiffiken dogo ne kuma haɗe yake da jikin jirgin, sannan allon da ke juya akalar jirgin yana laɓe a bayansa. A akasarin jiragen zamani kuwa, fiffiken siriri ne, ɗaure da manyan kusoshi. Irin wannan ya fi gudu da sauƙin juyawa, amma yana buƙatar sa ido. A watan Mayun 2014, wani jirgin Birtaniya mai suna Cheeki Rafiki da ke komawa gida daga tsibirin Antigua ya rasa fiffikensa a tsakiyar Atlantika, ya kife, mutane huɗu da ke ciki suka halaka. Masu bincike na Birtaniya sun yi nuni da cewa jirgin ya taɓa yin karo da ƙasan ruwa a baya, kuma mai yiwuwa ɓarnar da hakan ta haddasa ce ta raunana mahaɗar.

Masu goyon bayan tsofaffin samfura sukan kafa hujja da abubuwa biyu. Na farko shi ne gasar Fastnet ta watan Agustan 1979 tsakanin Ingila da Ailan, inda guguwa ta rutsa da jirage 303, 'yan gasa 15 suka mutu. A rukunin ƙananan jirage, guda ɗaya ne kawai ya kammala, wani Contessa mai ƙafa 32, siriri mai nauyin ƙasa. Na biyu kuwa ya faru ne kusa da gida. A ƙarshen watan Oktoban 1991, dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun kwashe mutane uku daga wani Westsail 32 mai suna Satori cikin wata gagarumar guguwa, aka bar jirgin ya yi ta gararamba shi kaɗai. Bayan 'yan kwanaki aka tsince shi a kan rairayin tsibirin Assateague da ke Jihar Maryland, bai nutse ba, aka gyara shi ya koma teku.

Duk da haka ba a taru an zama ɗaya ba. Kowane watan Nuwamba tun 1986, jirage masu yawa kan tashi a ayari daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari, daura da gaɓar Afirka ta Yamma, zuwa yankin Karebiyan, kuma mafi yawansu na zamani ne masu siririn fiffike, suna isa lafiya. Tsofaffin samfuran suna da nasu aibu: ba su da gudu idan iska ta yi rauni, cikinsu matsattse ne da duhu, kuma komawa da baya da su a cikin kwata aiki ne ja. Abin da ke sa mai ƙaramin ƙarfi ya karkata gare su shi ne, a kuɗin da yake da shi, su ne suka fi jure kuskuren sabon matuƙi.

Tsawo shi ne kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen jirgi mafi girma da aljihu zai iya kaiwa. Kusan komai a wannan harka da ƙafa ake auna shi: kuɗin haya a kwata, da kuɗin ɗaga jirgi zuwa tudu, da fentin ƙasansa, da ladan mai dubawa. Bugu da ƙari, girman jirgi ba ya ƙaruwa daidai da tsawonsa, domin faɗi da zurfi su ma suna ƙaruwa. Jirgi mai ƙafa 40 ya fi mai ƙafa 30 tsawo da kashi ɗaya bisa uku ne kawai, amma nauyinsa kan ninka sau biyu da ɗoriya, saboda haka ƙyallen da ke kama iska, da igiyoyi, da anga, da inji, duk sai sun fi girma da tsada. Shi ya sa mutum ɗaya ko mata da miji masu lallaɓa aljihu suka fi neman abin da ke tsakanin ƙafa 28 zuwa 36.

Tarihi ya nuna ƙarami ma yana kai wa gaci. Robin Knox-Johnston na Birtaniya, mutum na farko da ya zagaya duniya shi kaɗai ba tare da tsayawa ba, ya yi hakan ne cikin kwanaki 312 tsakanin 1968 da 1969 a jirgin katako mai ƙafa 32. Tania Aebi ta tashi daga New York a 1985 tana da shekaru 18, ta zagaya duniya a jirgi mai ƙafa 26, ta dawo a 1987. A watan Afrilun 2023, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta lashe gasar zagaya duniya ta Golden Globe, wadda ba a shiga sai da tsofaffin samfura masu ƙafa 32 zuwa 36.

Amma ƙanƙanta ma tana da iyaka. Gudun irin waɗannan jirage ya dogara ne ga tsawon sashen da ke cikin ruwa, kuma jirgi kamar na Rutherford da wuya ya wuce kilomita 12 a sa'a guda. Daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan akwai mil na teku kimanin 2,700, tafiyar makonni uku zuwa huɗu ga ƙaramin jirgi. Idan mutum biyu za su yi amfani da lita 4 kowannensu a rana, kuma suka yi tanadin kwana 30, ruwan sha kaɗai lita 240 ne, ban da abinci da mai da kayan gyara. Jirgin da ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba tare da ya nutsa fiye da kima ba, bai dace da doguwar tafiya ba.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Hausawa kan ce araha ba ta ado, kuma a kasuwar tsofaffin jirage, kuɗin saye somin taɓi ne. Jikin faiba yana daɗewa, amma duk abin da aka ɗaura a kansa yana da wa'adi. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da doguwar sandar ƙyalle ana sauya su bayan shekaru 10 zuwa 15, kuma kamfanonin inshora sukan nemi shaidar hakan. Ƙarafan da suka ɗaure waɗannan wayoyi da jikin jirgi kan ci tsatsa a daidai inda suka ratsa rufin, wurin da ba a gani sai an cire su. Idan ɗaya ya tsinke a teku, sandar gaba ɗaya za ta iya faɗowa.

Rufin jirgin, wanda ake tafiya a kansa, yawanci faiba ce hawa biyu da wani katako mara nauyi a tsakani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk ramin kusa da ba a toshe da kyau ba hanya ce ta ruwa, kuma cikin shekaru katakon zai ruɓe, rufin ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Gyaran wannan kan fi kuɗin jirgin tsada. Akwai kuma ƙuraje da ke fitowa a ƙasan jirgi idan ruwa ya ratsa faiba. Wani shahararren samfuri mai suna Valiant 40 ya yi fama da su a kan waɗanda aka ƙera tsakanin 1976 da 1981, saboda wani danƙo mai hana gobara da aka yi amfani da shi, abin da ya karya farashinsu. Sai famfunan da ke ƙasan jirgi inda ruwa ke shiga ko fita, waɗanda karyewar ɗaya daga cikinsu ta isa ta nutsar da jirgi a kwata cikin dare ɗaya. Daga ƙarshe akwai inji. Jirage da yawa na wancan zamani suna ɗauke da injin fetur mai suna Atomic 4. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan taru a ƙasan jirgi, tartsatsi kaɗan ya tayar da gobara, saboda haka masu doguwar tafiya sun fi son injin dizal, wanda sabonsa kan lashe kuɗin da ya kai na sayen jirgin.

Ganin haka ne ya sa al'adar ciniki a nan ita ce mai saye ya ɗauki ƙwararren mai duba lafiyar jirgi da kuɗinsa, wanda ba shi da alaƙa da dillali. Za a ɗaga jirgin zuwa tudu, ƙwararren ya bi jikinsa yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma yana sauraron sauti, ya auna danshi da na'ura, sannan a fita gwaji a kan ruwa. Da rahotonsa ake sake ciniki ko a fasa, kuma ba tare da shi ba samun inshora ga tsohon jirgi yana da wuya. Tsofaffin matuƙa kan shawarci mai saye da kada ya zuba fiye da rabin abin da ya tara a kan saye, ya bar sauran domin gyara da kayan ceton rai. Daga cikin waɗannan akwai kwalekwalen roba na gaggawa, da na'urar neman agaji mai aika sigina ta tauraron ɗan Adam. Cibiyar da ke karɓar irin wannan kira a madadin Amurka tana garin Suitland, a bayan garin Washington.

Wurin ɗaurewa kafin jirgi

Akwai wani abin da sababbin shiga kan manta: jirgi na buƙatar inda za a ɗaure shi, kuma ba kowace kwata ce ke yarda a zauna a cikin jirgi dindindin ba. Waɗanda suka yarda sukan ƙayyade adadi, su ƙara kuɗi, su nemi takardar inshora, wasu kuma ba su karɓar jirgin da ya tsufa ƙwarai. A kwatar kudu maso yammacin Washington, wadda aka sake wa fasali bayan buɗe sabuwar unguwar kasuwanci ta Wharf a 2017, guraben zama ƙididdigaggu ne, har ta kai ga hanya mafi sauƙi ta samun gurbi ita ce sayen jirgin da ya riga ya mallaki izini. Wannan ya sa da yawa daga cikin masu jiragen iska suka gwammace su zauna a Annapolis ko Baltimore ko Deale, su riƙa zuwa aiki Washington a mota.

Haraji ma ya bambanta. Jihar Maryland na karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin jirgi, Virginia kuwa kashi 2. Rajistar tarayya, wadda ke sauƙaƙa shiga tashoshin ƙasashen waje, ta 'yan ƙasa ce kawai, saboda haka baƙo mazaunin Amurka sai dai ya yi rajista da jiha. Doka ta hana zubar da ƙazantar makewayi a cikin koguna da gaɓar teku, dole jirgi ya kasance da tankin tara ta. Sannan ga yanayi. A watannin Yuli da Agusta zafi da gumi kan mayar da cikin jirgi kamar tanda, a watan Janairu kuwa akan rufe famfunan kwata don kada su daskare, masu zama su riƙa jigilar ruwa a jarka a kan katako mai santsin ƙanƙara. A watan Satumban 2003, guguwar Isabel ta tura ruwa ya mamaye tsakiyar Annapolis da gaɓar Alexandria da ta Washington.

Daga Potomac zuwa Atlantika

Washington ba ta bakin teku. Jirgin da ya tashi daga cikin birnin zai bi ta ƙarƙashin gadar Woodrow Wilson, ya gangara kogin Potomac fiye da kilomita 150 kafin ya shiga mashigin tekun Chesapeake a wani wuri da ake kira Point Lookout. Iskar wannan kogi ba ta da tabbas, kuma tarihi ya shaida hakan. A daren 15 ga watan Afrilun 1848, bayi baƙar fata 77 sun sulale daga wannan gaɓa ta kudu maso yammacin birnin a wani jirgin iska mai suna Pearl, da nufin tserewa zuwa arewa inda babu bauta. Da farko iska ta ɗauke, daga baya kuma ta yi ƙarfi har ta tilasta musu jefa anga kusa da Point Lookout, inda wani jirgi mai inji ya cim musu. Har yau matuƙan Potomac ba su wasa da lafiyar inji.

Shi kansa mashigin Chesapeake, mai tsawon kimanin kilomita 320, makaranta ce mai kyau, amma ba shi da zurfi, matsakaicinsa bai wuce mita 6 da rabi ba, saboda haka jirgin da fiffikensa ya yi zurfi ƙwarai zai rasa shiga wurare da yawa. Masu shirin doguwar tafiya sukan shafe shekara ɗaya ko biyu a nan suna koyon halin jirginsu, suna gano abin da ke yoyo da abin da ke karyewa a inda taimako ke kusa. Daga nan wasu kan gwada zuwa tsibirin Bermuda, mil 750 da 'yan kai daga Annapolis. A farkon watan Nuwamba kuwa, lokacin da kakar manyan guguwowi ke gab da ƙarewa, ayarin jirage kan tashi daga garin Hampton na Virginia zuwa Karebiyan. Cikin kwanaki biyun farko za su tsallaka wata ƙaƙƙarfar igiyar ruwan ɗumi da ke kwarara arewa daura da gaɓar Hatteras, wadda kan tayar da miƙaƙƙun raƙuman ruwa idan iska ta buso daga arewa ta ci karo da ita. A nan ne duk gyaran da aka yi wa ha'inci ke tonuwa.

Darasin jirage biyu

Tafiyar Rutherford ba ta nuna cewa kowane tsohon jirgi zai iya ba. Kafin ya hau Albin Vega, ya riga ya ƙetare Atlantika sau biyu shi kaɗai a wani tsohon Pearson, tafiyar da ta kai shi har cikin kogin Gambiya. Duk da wannan gogewa, kayan jirgin sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga na'urar tace ruwan sha zuwa inji, har sai da aka kai masa kayan gyara a kan teku sau uku, daura da Kanada da Alaska da Brazil. Jikin jirgin da sandarsa da akalarsa ne suka riƙe, sai kuma hannun mutumin da ya san yadda ake gyara.

Fiye da ƙarni guda kafin haka, a 1892, an bai wa wani tsohon kyaftin mai suna Joshua Slocum kyautar ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray, wanda ke yashe a wani fili a Jihar Massachusetts. Ya shafe watanni 13 yana sake gina shi da hannunsa, ya kashe dala 553 da 'yan kai, sannan ya zagaya duniya da shi tsakanin 1895 da 1898, mutum na farko da ya yi hakan shi kaɗai. To amma a watan Nuwamban 1909, bayan jirgin ya tsufa kuma kulawa ta ragu, Slocum ya sake fita da shi teku, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma fa sai an adana ta. Ga ma'aikacin da ke tsaye a filin ajiya na Deale yana kallon jirgi mai shekaru 45 da takardar farashi a manne, lissafin da ke gabansa a fili yake: ya sami wurin ɗaurewa tukuna, ya zaɓi mafi ƙanƙantar jirgin da zai iya zama a ciki, ya biya ƙwararre ya duba masa, ya riƙe rabin kuɗinsa domin gyara, kuma ya koyi yin gyaran da kansa, domin a tsakiyar Atlantika babu bakanike.